Agogon da Mai Shi Ya Hana a Buɗe

Akwai wata mata a garinmu, nan kwarin Okanagan, sunanta Lorna Petruk. Gyaran agogo ta gada a wurin mahaifinta, kuma shekara talatin duk mai tara tsofaffin agogunan hannu a yankin nan wurinta yake kai kayansa. Mutum ɗaya ne ya rushe mata wannan suna, kuma da baki kawai ya yi.

Sunansa Garrett Whitlow, mai rabin gonakin inabin da ke bakin tafki. Wata rana ya kawo mata wani tsohon agogon matuƙan jirgin sama da ya saya da tsadar gaske, ya ce ta wanke masa. Lorna ta buɗe murfin baya, ta duba, ta faɗa masa gaskiya. Jikin agogon na asali ne, amma an cire injinsa an sa wani na banza.

Maimakon godiya, sai Whitlow ya miƙe a taron ƙungiyar masu tara agogo ya ce matar nan macuciya ce. Wai ta kushe masa agogo ne don ya sayar mata da araha, wai kuma wani gwani a birnin Toronto ya tabbatar masa da ingancinsa.

Kun san halin mutane, maganar mai kuɗi ba ta faɗuwa ƙasa banza. Cikin wata shida ƙafa ta ɗauke daga shagon Lorna. Ta rufe shi, ta koma wani ɗan teburi a babban kantin gari tana canza batirin agogon roba.

Shekara tara tana nan. Ba zan yi muku ƙarya in ce ta yafe ba. Ba ta yafe ba, kuma duk ranar da motarsa ta wuce ta gaban kantin sai abin ya dawo mata sabo fil.

Ana nan sai gobarar daji ta gangaro daga kan tudu a tsakiyar lokacin zafi, ta cinye gidaje sama da ɗari. Masu tara agogo suka ce kowa ya ba da ɗaya daga cikin nasa a yi gwanjo, kuɗin ya tafi ga waɗanda suka rasa matsuguni. Aka tara agogo talatin da takwas.

Whitlow ya ba da wancan agogon, har da hotonsa a jaridar gari yana murmushi. Ya san abin da ya taka. A gwanjon taimako ba a buɗe kaya, don kowa kunya yake ji ya binciki kyauta. Zai rabu da jabunsa, ya kuma sha yabo.

Abin da bai sani ba shi ne, masu zuwa saye daga nesa sun nemi takardar shaidar inganci daga mai gyara a kan kowane agogo. Shugabar kwamitin gwanjon, Harjit Dhaliwal, mai gonar 'ya'yan itacen ceri wadda ita ma gidanta ya ƙone ƙurmus, ta ɗauki akwatin agogunan ta kai wa Lorna.

Lorna na ɗaga agogon Whitlow ta gane shi. Ta buɗe, ta ga injin banzan nan yana nan inda ta bar shi. Sai ta yi wata dariya da ba ta da daɗin ji.

"Rana dubu ta ɓarawo," in ji ta. "Ranar Asabar a wurin gwanjon ki ba ni lasifika minti biyu kacal, in tsige shi tas a gaban kowa."

"Haba yaya Lorna," Harjit ta ce. "Ki ce nasa jabu ne, masu saye su ce to sauran ma wa ya sani, kowa ya kama gabansa? Ni da 'ya'yana a ɗakin wasannin makaranta muke kwana, kan katifar aro. Ki rama, ban hana ki ba. Amma kada ki rama a kanmu."

Lorna ta daɗe tana juya agogon a tafin hannunta. Ranta yana tafasa, amma ta san gaskiya aka faɗa mata.

"To, na ji. Sauran talatin da bakwai lafiyarsu ƙalau, zan sa musu hannu. Wannan kam hannuna ba zai hau takardarsa ba. Ki turo min mai gwanjon, ina da magana da shi."

Ranar Asabar da rana zauren wasan zamiya a kan ƙanƙara, inda ake gwanjon, ya cika maƙil. Warin hayaƙi bai gama barin gari ba, ana ta raba kofi da wainar tuffa. Mai gwanjon, Dwayne, shanu ya saba sayarwa, bakinsa kuwa ba ya hutawa. Agoguna suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, har aka zo kan na ƙarshe.

"Jama'a, ga sarkin kayan yau, kyautar Mista Whitlow," in ji Dwayne. "Wannan ba shi da takarda, abin da ya fi takarda za mu yi masa. Guduma na faɗuwa, kafin a biya ko sisi, Malama Lorna za ta buɗe wa mai saye shi a nan, a haska cikinsa a babban allo kowa ya kashe kwarkwatar ido. Wanda bai gamsu ba ya fasa."

Zaure ya ɗauki tafi. Masu tara agogo ba su da abin da ya fi musu daɗi kamar leƙa cikin agogo mai daraja, kuma mai na ƙwarai shi ne kan gaba wajen cewa a buɗe.

Lorna ba ta tafa ba, Whitlow take kallo. Murmushinsa ya bushe a fuska. Ya janye kyautar a gaban 'yan jarida da mutanen da suka rasa gidajensu? Ba dama. Ya bari wani ya saya a buɗe? Kashinsa ya bushe. Hanya ɗaya ta rage masa, ya zama shi ne mai sayen, don mai saye kaɗai ke da ikon cewa a bar shi a rufe.

Shekara tara Lorna tana tambayar kanta ko mutumin nan ya san gaskiya ko shi ma ruɗarsa aka yi. Da ta ga hannunsa ya tashi sama, ta samu amsa.

"Dala dubu ashirin daga Mista Whitlow," in ji Dwayne. "Kun ga mutum, ya ba da kyauta kuma zai saya da kansa. Ina masu kishi?"

Wata likitar haƙori daga garin Kelowna, wadda ta daɗe tana mafarkin irin agogon nan, ta ce dubu talatin. Whitlow ya ƙara. Ta ƙara. Aka wuce arba'in, aka wuce hamsin.

Harjit ta matso kusa da Lorna ta yi raɗa. "Ke, gumi yake yi ko idona ne?"

"Bar shi. Shekara nawa yana matse inabi? Yau ya ji yadda abin yake."

A dala dubu sittin da huɗu likitar ta girgiza kai ta sauke hannu. Guduma ta faɗi. Whitlow ya sayi agogon da bai kai dubu biyu ba, kuma kowace dala ta tafi ga masu gobara.

Lorna ta miƙe da ɗan ƙarfen buɗe murfi a hannu, ta taka a hankali har gabansa.

"Ranka ya daɗe, in buɗe?"

"Bar shi," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Kunnen tsufa, ban ji ba. Dwayne, taimaka masa da lasifika."

"Na ce ba sai an buɗe ba," in ji Whitlow ta lasifikar.

Waɗanda ba su san harkar ba suka tafa wa mai kyauta. 'Yan ƙungiya kuwa ko ɗaya bai motsa hannu ba. Dattijo Emmett, wanda ya fi kowa daɗewa a cikinsu, ya juyo daga kujerar gaba.

"Garrett, shekara tara kana cika mana kunne da agogon nan. Yau ga allo, ga haske, ga mai buɗewa, ka ce a'a?"

Whitlow ya rubuta cek na kuɗin, ya jefa agogon a aljihu, ya fita ta ƙofar gefe ba tare da ya kalli kowa ba.

Lorna tana tattara kayan aikinta sai ga Emmett tsaye, ya kwance agogonsa yana riƙe da shi.

"Lorna, kullum sai ya makara da minti biyar."

"Allah sarki. Gwanin Toronto bai iya ba ne?"

Dattijon ya sunkuyar da kai. "Mun zalunce ki."

"Kun zalunce ni," ta ce, ba ta rage masa komai ba. Ta leƙa bayansa, ta ga wasu mutum shida, kowa da agogonsa a hannu, kowa yana kallon ƙasa. "Litinin ƙarfe tara, a babban kanti, kusa da masu sayar da takalma. Nan kuka ajiye ni, nan za ku same ni. Kuma duk wanda ya zo ya bi layi bayan masu canjin batir."

Darasi: Wanda ya ɓata sunan mai gaskiya don ya rufe ƙaryarsa, ya sani ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ranar da zai biya da hannunsa zai biya. Kai kuma da aka zalunta, in damar ramuwa ta zo, ka duba kada ta faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman masu saurin gaskata magana don kawai mai kuɗi ne ya faɗe ta.