Marisela Ta Ƙi Sa Hannu

Akwai wata yarinya a wani ƙauye kusa da garin Fresno na ƙasar Amurka, Marisela Quiroz, 'yar masu tsinkar inabi. Ita ce ta farko a gidansu da ta samu jami'a, kuma injiniyar ruwa take son zama, don rijiyar ƙauyensu ta gurɓace tun tana ƙarama.

Jami'ar ta kira ta shirin share fage na mako shida a hutun bazara, wanda ake yi wa 'ya'yan talakawa masu shiga fannin kimiyya.

Gwajin lissafi na farko, talatin da ɗaya ta ci cikin ɗari.

Mista Langford, mai ba ɗalibai shawara, ya kira ta ofis, ya tura mata takardar canza fanni.

"Sa hannu a nan, 'yan mata. Taimakonki nake yi. Irinku na sha gani, wata uku sun tattara kayansu."

"Irinmu su wa, Yallaɓai?"

Ya miƙa mata biro.

"Makarantarmu shekara biyu ba malamin lissafi," ta ce. "Ba a koya min ba ne. Bari a koya min tukuna, in na kasa sai ka kore ni."

Ta ajiye masa bironsa ta fita.

A waje ta tarar da Dontae, ɗan ajinsu, riƙe da irin takardar.

"Ke ma an ba ki tikitin komawa gida?"

"An ba ni. Yaga taka, malam, mu je mu nemi allo."

Su bakwai da aka ba irin takardar suka haɗu. Kullum bayan darasi sai kowa ya tashi gaban allo ya yi kuskurensa, a yi masa dariya, a gyara. Sau biyu Marisela ta yi kuka a banɗaki, ta wanke fuska ta dawo.

A ƙarshen shirin ta ci saba'in da huɗu. Biyar daga cikinsu, har da ita, suka kammala digiri.

Ana saura mako a yaye su, Langford ya nemi hotonta, za a sa a tallar jami'a.

"Zan ba ka," ta ce, "ran da ka daina kiran yara ofis a makon farko."

Hoton bai fito ba a shekarar. Sai ta gaba, bayan ya daina.

Darasi: Wanda bai san inda ka taso ba, kada ka bari ya yanke maka inda za ka tsaya. Tura wa duk ɗalibin da aka ce masa ba zai iya ba.