Malamin Arzika Magini

An yi wani sarki a zamanin da, mai ƙiba da fara'a, ba abin da ke ɓata masa fuska sai zafin bazara. Wata rana ana zaman fada, gumi ya jiƙa masa rawani sharkaf, sai ya sa aka kira Arzika, Sarkin Magina.

Sarki ya ce, "Ka gina mini soron da ba ya bukatar mafici. Kwana arba'in na ba ka. In ka gaza, ka ajiye sarauta."

Arzika ya faɗi ya yi gaisuwa, ya fita. Ya tambayi malamai, ya tambayi fatake, ba wanda ya taɓa ganin irin wannan gini. Rannan da rana tsaka ya yi bayan gari don ya sami sararin tunani, ya jingina da wani ƙaton suri. Ko da ya zura hannu cikin wata kafa daga ƙasa, sai ya ji sanyi kamar cikin randa. Ya miƙe ya taɓa ta sama, ya ji huci na fita.

"Ashe haka kuke yi!" in ji Arzika.

Kwana uku yana durƙushe yana kallon gara na aiki. Sannan ya koma ya tayar da bango mai kauri, ya bar kafofi a gindi, ya ja dogon maƙogwaro na fitar da huci a saman soro.

Ran da Sarki ya shiga, iska ta bi ta ƙafafunsa, har ya yi gyangyaɗi ana tsakiyar gaisuwa. Da ya farka ya ce, "Wa ya koya maka? A kawo shi in naɗa masa rawani."

Arzika ya ce, "Ranka ya daɗe, malamina makaho ne, da miyau yake kwaɓa ƙasa. In ya shigo nan kuwa, rawanin zai fara ci, ya ƙare da azara."

Can Waziri ya tuntsire da dariya, ya ce, "Gara ce, Allah ya ba ka nasara!"

Sarki ya yi dariya har da hawaye. Ya hana a rushe suri a jejin ƙasarsa, ya ce a kai wa malamin dami goma na kara, ladan karantarwa.

"Amma ku roƙe shi," in ji Sarki, "kada ya zo godiya."