Ladingo da Kifayen Gurnani

Ga ta nan, ga ta nan ku.

Ta zo mu ji ta.

To ku matso. Wanda ya yi gyangyaɗi, da sunansa zan ƙarasa ta.

Can bakin teku, inda kogi ke zuba ruwan daɗi cikin ruwan gishiri, akwai wasu kifaye da ake kira kifayen gurnani. Haƙoransu a maƙogwaro suke. In ransu ya ɓaci sai su goga su, ƙarr, ƙarr, jakar iskar da ke cikinsu ta amsa kamar ganga. Da dare kiwo kowa nasa yake yi, ya tono tsutsa, ya murƙushe ƙaguwa. Da rana kuwa sai su taru wuri ɗaya bisa rairayi, ƙarƙashin sarkinsu Gagarau.

Akwai wata 'yar ƙarama a cikinsu, Ladingo. Haƙoranta ba su fito ba tukuna, ko ƙarr ɗaya ba ta iyawa. Kamar sauran yara, zamanta cikin saiwoyin itatuwan da ke tsaye a ruwa kusa da gaɓa.

Akwai kuma masunci, Baushe. Duk inda kifayen nan suka taru, sai kwalekwalensa ya tsaya a kansu, koma, ragarsa ta kamun kifi, ta sauko. Su koma bayan dutse, koma ta sauko. Su koma bakin kogi, koma ta sauko.

Gagarau ya ce, "Akwai mai kai rahotonmu."

Aka dubi juna. Aka goga haƙora, ƙarr, ƙarr.

Aka ce Ƙaguwa ce, haushin ana cin 'ya'yanta. Aka kore ta cikin taɓo. Washegari koma ta sauko.

Aka ce tsoho Mai-Ido-Ɗaya ne, shi da ya taɓa shiga koma ya fito. Me ya ba masunci aka sake shi? Aka kore shi tsakiyar teku. Washegari koma ta sauko.

Daga nan ba mai yarda da kowa. Wa ya tare ƙaninsa baki da baki, kowa ya wangale nasa, ja wur, ana leƙen inda aka ɓoye magana. Ba a ga komai ba. Ƙarr, ƙarr, har ruwa na rawa.

Sai idon Gagarau ya faɗa kan Ladingo.

Ya ce, "Ke 'yar nan, kowa na gurnani, ke shiru. Kuma kullum kina gindin gaɓa. Da wa kike hira a can?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, haƙora ne ba ni da su."

Ya ce, "Baki fa? In ruwa ya janye yau, a bar ta bisa rairayi. Ta yi wa zalɓe bayani."

Ladingo kam ta san abin da ta gani daga cikin saiwoyi. Baushe ba ya tambayar kowa. Filafilin tuƙinsa yake tsomawa a ruwa, ya kara kunne a ƙotar, ya yi shiru, ya bi inda ƙarar take. Amma ta dubi fuskokin nan, ta san in ta ce gurnaninsu ne, gurnanin za su ƙara.

Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ranka ya daɗe, na san munafukin."

Aka matso. "Wane ne?"

Ta ce, "Ban ga fuskarsa ba, amma na san alamar da suka ƙulla. In inuwar kwalekwale ta zo, shi ke fara gurnani, ya kira masunci. Ku saurara yau. Wanda ya fara, shi ne."

Gagarau ya ce, "Madalla. Kowa ya sa ido a kan maƙwabcinsa."

Inuwa ta zo. Filafili ya shigo ruwa. Kowa ya danne maƙogwaro, kowa na hararar na kusa da shi. Tsit. Baushe ya saurara, ya saurara, ya tuƙa gaba.

Inuwa ta dawo. Wata tsohuwa tari ya taso mata, ta haɗiye abinta har idonta ya firfito. Tsit. Baushe ya canza kunne, ya girgiza kai, ya tuƙa gaba.

Gagarau kuwa ciki ya cika. Shi da tun da aka haife shi bai taɓa rufe maƙogwaro ba! Ga munafuki ya ƙi fitowa. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, kowa kama da mai laifi yake yi masa. Inuwa ta dawo ta uku, haushi ya ci ƙarfinsa.

Ƙarrrr.

Aka juyo gaba ɗaya.

Tsohuwar nan ta ce, "Ashe kai ne, ranka ya daɗe?"

Kafin ya buɗe baki an watse, kowa na gudun kada a gan shi kusa da munafuki. Koma ta sauko, ta tarar da kifi ɗaya tak, ƙato, yana goga haƙora yana cewa, "Wa ya faɗa? Wa ya faɗa?"

Ruwa ya janye ran nan, zalɓe ya zo, ya tarar da rairayi wayam. Ladingo na cikin saiwoyinta tana cin tsutsa. Bayan kwana biyu haƙoranta suka fito, ba ta gaya wa kowa ba.

Har yau in an fito da kifin gurnani daga ruwa, kara kunnenka ka ji. Tambayar yake yi, wa ya faɗa.

Kafin ka zargi na kusa da kai, rufe bakinka ka ji ko ƙarar taka ce.

Ƙurunƙus, kan kifi. Ba don ina da ƙoshi ba, da na cinye har ƙayar.