Zabuwa a Bencin Baya

An yi wata majami'ar dabbobi a gindin wani tsauni, inda Fasto Gauraka yake kiwon ikkilisiya. Cikin masu bi akwai Biri, shugaban mawaƙa, mai ji da kansa. Akwai Baba Jaki, tsoho mai haƙuri, shi ke kai taki gonar ikkilisiya, inda ake noma masara domin gwauraye da marayu. Sai Zabuwa, matsoraciya ta gaske.

Wata rana da hantsi Zabuwa ta bi ta gonar, ta tarar da Biri yana karyar masara yana ci. Maimakon ta wuce, sai ta tsaya tana tsintar ƙwayoyin da ke zubowa. Kwaɗayi dai bai yi ba.

"Kin ci ko ba ki ci ba?" in ji Biri, yana share baki.

"'Yan ƙwayoyi ne kawai, ɗan'uwa."

"Ko ɗaya ce, kin ci ta marayu. In kika buɗe baki, ni da ke za a kama."

Da aka ga ɓarnar, dattawa suka zauna. Biri ne ya fara miƙewa, har da girgiza kai. "Sawun wa ke cikin gonar? Ba na Baba Jaki ba ne?" Ku ji rashin kunya! Sawun da tsohon ya bari garin kai taki, shi aka mayar shaida a kansa.

"Ban ci ba," in ji Baba Jaki a hankali. "Allah ya sani."

Ba wanda ya saurare shi. Aka yanke cewa ran Lahadi za a sa shi ƙarƙashin horo, wata uku a bencin baya na masu laifi, ba shi ba cin Jibin Ubangiji, wato gurasar tarayya da masu bi ke ci tare a majami'a.

Makon nan Zabuwa ta sha wuya. Abinci ya ƙi shiga, in ta durƙusa addu'a bakinta ya yi nauyi. Ran Juma'a ta haɗu da tsohon a bakin rijiya, ya ce mata, "'Yata, ki sa ni a addu'a, kada in riƙe kowa a zuciya." Maganar ta soke ta. Ta nufi wajen Biri, ranta a ɓace.

"Tsohon nan bai yi mana komai ba. Mu je mu faɗi gaskiya."

"Wace gaskiya? Wata uku ne fa, ba yanka shi za a yi ba."

"To kai ka zauna mana, tunda ba komai ba ne."

"Ni? Wa zai ja muku waƙa? Tafi ki ba ni wuri."

Ran Lahadi majami'a ta cika. Fasto ya kira Baba Jaki, tsohon ya juya ya nufi baya, kansa a sunkuye. Sai Zabuwa ta miƙe.

"Baba Fasto, a dakata. Ni na ci masarar, ni da Biri. Na ji tsoro na yi shiru."

Biri ya yi tsalle ya wage baki zai ƙaryata ta, sai ga masara na zubowa daga kumatunsa har kan littafin waƙoƙi. Ashe a safiyar ma sai da ya biya ta gonar ya cika kumatu, kamar yadda birai suke yi, sannan ya zo ya tsaya gaban jama'ar Allah.

"Ɗana, ƙofar tuba a buɗe take," in ji Fasto. "Ga benci can."

"Ni a bencin baya? Allah ya kiyaye." Ya fice ta taga ya shiga daji. Har yau can yake, ko ganye ya motsa sai ya zabura, yana zaton an zo kama shi.

Zabuwa ta taka zuwa baya, kowa na kallonta. Ta ji kunya ƙwarai, amma nauyin da ke ƙirjinta ya sauka. Tana zama sai ta ji an taɓa ta. Baba Jaki ne.

"Matsa mini, 'yata," ya ce. "Ba za ki zauna ke kaɗai ba."

Darasin da ke cikin wannan labari, yara, shi ne Kirista ba ya tsare sunansa da hawayen wani. In kun yi laifi, ku faɗa ku tuba. Kunyar tuba tana wucewa, amma wanda ya danne lamirinsa, duk inda ya gudu yana tare da shi.