Tsigil da Maganin Ƙanƙancewa

Ku matso kusa, ga wata nan ta iso gare ku.

A wasu shekaru da zafi ya yi ta ƙaruwa, bazara na zuwa da wuri tana ƙin tafiya, an yi wani bainu, ɗan tsuntsun nan mai waƙar safe, ana ce masa Tsigil. Kakansa ya kai girman ƙwan kaza, ubansa bai wuce goro ba, shi kuwa da ƙyar ya kai dabino. Haka zafi ya yi wa danginsu kaf. Iyaye na lafewa suna haki maimakon kiwo, 'ya'ya na tashi da rabin ciki, kowace ƙyanƙyasa ta fi ta baya ƙanƙanta.

Ran nan matarsa Tambai ta ce, "Maigida, ƙwai na tafe. Na bara rana ta dafa su a sheƙa. Mu ƙanana mu muka fi saurin bushewa, yini ɗaya ba ruwa sai a tsince mu a ƙasa. Wa ka ji yana waƙa yanzu a dajin nan?"

Tsigil ya kumbura ɗan ƙirjinsa ya ce, "Ni ne Tsigil, jiki kaɗan, kai cike. Ba ni kwana biyu."

Inuwa ɗaya ta rage a dajin, wata tsamiya. Hankaka ya mallake rassanta har da dawar da ya ɓoye. Cilakowa mai jan baki ta mallake kogonta, inda ɗan ruwa ya kwanta tun damina.

Da gari ya waye, Tsigil ya yi birgima a garin gawayi, ya manna auduga a ƙirji da ƙaro, ya dira gaban Hankaka.

"Yaya, ba ka gane ni ba? Ƙaninka ne na tsallaken rafi."

Hankaka ya karkata kai ya dube shi. "Ƙanina? Me ya cinye ka haka?"

"Magani na yi. Zafin bana manya zai fara kayarwa. Dube ni, ganye ɗaya ya ishe ni inuwa, ɗigon raɓa ɗaya na ƙoshi."

Hankaka, wanda dama haki ya ishe shi, ya ce a taimaka masa. Tsigil ya ce, "Ka hau falalen dutsen can ta gabas, ka buɗe fiffike kwana uku, rana ta tsotse ka kamar shanyar kuɓewa. Da tsakar rana ka duba inuwarka, za ka ga aiki. Da yamma ka rufe ido. Kada ka yi wa kowa magana, maganin zai karye. Dawar nan kuma zan tsare maka."

Hankaka ya tafi. Da rana ta take tsaka ya leƙa ƙarƙashinsa, ya ga inuwarsa ta koma 'yar mitsitsiya, ya yi murna har ya manta ƙishirwa. Tsigil da Tambai kuwa suka tsare dawa a cikinsu.

Da gari ya waye, Tsigil ya samo jan barkono mai lanƙwasa, ya zura baki a ciki, ya leƙa kogo yana magana ta hanci.

"Gwaggo, ina kwana? Ɗan ƙanenki ne."

Cilakowa ta ce, "Bakin dai namu ne. Ina sauran jikin?"

Ya karanta mata abin da ya karanta wa Hankaka, ya tura ta yammacin dutsen. Tambai ta sha ruwa har ta yi wanka, ta sami wata 'yar tsaga can cikin kogon, wadda babban baki ba ya shiga, ta yi ƙwai uku. Tsigil ya hau reshe ya rera waƙar da ya yi wata biyu bai rera ba: "Ni ne Tsigil, na shanya manya ban taɓa su ba!"

Da gari ya waye, rana ta fito da fushi. Kafin azahar Cilakowa ta suma. Ba ta farfaɗo ba sai da yamma liƙis, ta manta da dokar rufe ido, ta ga inuwarta ta miƙe kamar taɓarya.

Ta kwarma ihu, "Wayyo, girma na ƙara!"

Hankaka ya rarrafo daga gabas, harshe a waje. Shi ma ya ga tasa inuwar. Ya ce, "Wa ya ba ki magani?"

"Ɗan ƙanena."

"Ni ƙanina. Girmansa?"

"Kamar dabino."

Suka dubi juna, suka nufi tsamiya suna tangaɗi.

Tsigil ya hango su tare, ya rasa dangin wa zai zama. Ya manna auduga, ya zura barkono, ya tare su. "Yaya, Gwaggo, ashe ba ku sani ba? Ai auratayya ce tsakanin gidajenku, ni ne..."

Barkonon ya kwana a zafi ya bushe. Ya fashe, yaji ya hau masa hanci. Atishawa ɗaya, baki ya yi gabas, auduga ta yi yamma, sai ga bainu tsirara yana hawaye.

Hankaka ya make shi da fiffike ya bugu da kututture. Cilakowa ta cafko wutsiyarsa. Tsigil ya fizge, ya bar mata gashin duka a baki, ya tsere yana tuntsurawa a iska, ya faɗa cikin wata darewar ƙasa a busasshen rafi. Manyan nan biyu ƙishirwa ba ta bar su sun bi shi ba, suka koma suna ture juna a bakin kogo.

Da suka sha suka yi laƙwas, Tambai ta sulale ta sami Tsigil, idonsa ɗaya a kumbure, baya a fige. Ta ce ƙwai na nan lafiya a tsaga, sannan ta tambaye shi, "Maigida, ina wutsiyarka?"

Tsigil ya gyara tsayuwa ya ce, "Ni na sa a cire min. Zafi take ƙara min."

Nan ta tuƙe, kowa ya nemi inuwa.