Tabawa da Ciyawa Mai Cin Ƙuda

Ga ta nan, ga ta nanku, ta shigo ba sallama!

Ta zo mu ji ta, mu ba ta tabarma!

To ku matso. Kai mai gyangyaɗi, rufe baki, labarin ƙuda za a yi.

Wata mata ce ana ce da ita Tabawa, mai fura. Furarta kuwa in ka sha sai ka manta sunan surukarka. Da furar nan suke ci ita da mijinta Jatau, don shi ciwon ƙafa ya raba shi da gona.

Sai Sarkin Ƙuda ya ji labari, ya kwaso rundunarsa suka tare a gidanta. Ta dama fura, ƙuda. Ta buɗe nono, ƙuda. Ta yi hamma, ƙuda. Masu saye duk suka gudu.

Ran nan ta je fadama wanke ƙorai tana kuka, sai ta ji an ce, "Baiwar Allah, lafiya?"

Ta duba, sai ga wata 'yar ciyawa. Ƙarshen kowane ganye da ɗan tulu, kowane tulu da murfinsa.

Ta ce, "Ƙuda ne ya kashe mini sana'a."

Ciyawa ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "Ƙuda? Ai tuwona ke nan! Kai ni gidanki. Amma ki haɗa da yashin nan da nake ciki. Ruwa kuma na sama kaɗai nake sha. In ban da wannan, na ƙoshi."

Tabawa ta dasa ta a kasko, ta ajiye gefen ƙwaryar fura. Ciyawa ta buɗe tuluna tana waƙa:

"Zo ka lasa, ɗan ƙuda,
Bakin tuluna zuma ne,
Zo ka lasa, ɗan ƙuda."

Ƙuda ya zo ya lasa, santsi ya kwashe shi, tsulum! Wani ya zo neman ɗan'uwansa, tsulum! Wani ya zo jaje, tsulum! Gida ya yi fes, masu saye suka dawo.

Jatau ya ce, "Tabawa, baƙuwa ta yi mana wannan alheri, mu bar ta zaune a yashi kamar ba 'ya'yan mutane ba?"

Ta ce, "Malam, ta fa ce ta ƙoshi."

Ya ce, "Kin taɓa jin baƙon da ya ce yunwa yake ji? Kunya ce."

Ya ɗingisa ya ɗebo takin awaki ya labta mata. Ciyawa ta ce, "Na gode, na ƙoshi."

Ya ce, "Kin ji ko? 'Yar mutunci."

Ya kawo tuwo da miyar kuka ya ɗura a tulunan. Ta ce, "Na gode, na ƙoshi."

Ya ce, "Allah sarki, kawaici!"

Ya kawo romon kai da ƙafa, har da yaji. Wannan karon sai ciyawa ta langaɓe. Ganye ya yi baƙi, tuluna suka yamutse, waƙa ta mutu.

Ƙuda suka dawo, buuu! Sarkinsu ya haye kan ludayi yana murza hannu, yana cewa, "Ina mai cin namu? Yau wa ya ci wani?"

Tabawa ta durƙusa gaban kasko ta ce, "Ranki ya daɗe, me muka yi miki?"

Da ƙyar ciyawa ta ce, "Alherinku ne zai kashe ni. Ƙasar da ba ta da komai ita ta haife ni. Da cikina na ɗaukar taki, me zai kai ni cin ƙuda? Ni ba na kunya. In na ce na ƙoshi, to na ƙoshi."

Tabawa ta harari Jatau, Jatau ya harari ƙafarsa.

Ta tumɓuke ciyawa a hankali, ta wanke saiwar da ruwan sama na randa, ta sake mata yashin fadama. Ana nan, ana nan, sai ga ɗan tulu guda ya fito, bai fi babban yatsa ba. Ya buɗe murfi, ya fara waƙa ƙasa-ƙasa.

Sarkin Ƙuda ya ce, "Ni ba yaro ba ne. Leƙawa kawai zan yi."

Ya leƙa. Ya ce, "Lasa ɗaya ba ta kisa." Ya lasa. Ya ce, "Bari in ji ko ta can ciki ta fi zaƙi."

Tsulum!

Runduna ta watse, kowa ya yi ta kansa. Fura ta koma ƙarewa tun kafin azahar.

Jatau kuwa hannunsa bai daina ƙaiƙayin kyauta ba. Sai Tabawa ta ba shi aiki: da hadari ya taso, shi ke jera ƙorai a tsakar gida yana tara wa baƙuwa ruwa. Ya zuba mata ya ce, "Mun gode." Ta ce, "Yanzu kam na sha." Sai ya yi ta washe baki kamar an naɗa shi sarauta.

Don haka in za ka gode wa wanda ya yi maka rana, ba shi abin da yake ci, kar ka ɗura masa abin da kai kake so.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera! Ba don Gizo ya riga ni ba, da ni ne sarkin ƙarya a garin nan.