Zaren Awon Inna Uwani

Akwai wata dattijuwa a wani ƙauye kusa da Yekuwa, ana kiranta Uwani. Abin ya faru ne a shekarun 1970, bayan babban farin nan ya wuce, gero ya fara dawowa rumbuna.

Uwani ba muguwa ba ce, ku riƙe wannan tun yanzu. 'Ya'ya mata biyu Allah ya ba ta, Tata da Hasiya. Tata ta rasu wajen haihuwa. Ta yi ta naƙuda ɗan ya ƙi fita, matan gari suka ce girma ne ya yi masa yawa. Tun daga ranar, babu abin da Uwani take tsoro kamar babban ciki.

Da Hasiya ta sami cikin fari, mijinta Ƙasimu ya kawo ta gida goyon ciki, ya wuce Kano cin rani. Uwani na ganin cikin gabanta ya faɗi. Watanninsa ba su kai ba, amma ya yi girman na haihuwa.

Sai ta ɗauko zaren saƙa, ta zagaya cikin da shi, ta ƙulla alama. Kowace Juma'a ta sake gwadawa. In cikin ya wuce ƙullin, sai ta yi sabon ƙulli, ta rage mata tuwo. Ta hana ta nono da wake da ƙuli-ƙuli, fura kuwa ta tsinka ta har ta koma ruwa.

Hasiya tana jin yunwa har jiri ya ɗebe ta. Amma cikin fari ne. Kunya ba ta barinta ko ta ambaci cikin a gaban uwarta, balle ta ce abin da ke cikinsa yana neman abinci.

Wata ranar kasuwa motar asibiti ta zo daga Magarya, da malamar awo, Madam Hawa. Uwani ta kai Hasiya, ba don awo ba, don a ba ta maganin jiri.

Madam Hawa ta kwantar da ita a tabarma, ta auna cikin, ta ɗora ƙahon sauraro nan, ta ɗora can. Ta daɗe kafin ta ɗago.

"Inna, biyu ne. Zuciya biyu na ji."

Uwani ta dafa bango.

Madam Hawa ta ce, "Cikin tagwaye sai da sa ido, don wani yakan girma ya bar ɗan'uwansa. A ƙara mata abinci. Kuma ku riƙa kawo ta Magarya awo. In muka ga girman ya tsaya, sai mu tura ta babban asibitin Damagaram."

Uwani ta ce, "Ke 'yar nan, kin taɓa haihuwa?"

"Ban taɓa ba, Inna."

"To ni na haifa, na kuma rasa. Ɗaya tak ya kashe mini Tata. Biyu in sun yi ƙiba, ta ina za su fita?"

Madam Hawa ta yi bayani, ta yi roƙo, har ta haɗa ta da Allah. Ta juya wajen Hasiya ta ce, "Ke fa, me kika ce?" Hasiya ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a zanenta. Direba ya yi ta danna ham, wasu ƙauyuka suna jira. Haka motar ta tafi.

Ranar awo ta zo ta wuce, ba wanda ya je.

Wata Juma'a Uwani ta gwada zaren, ya tsaya daidai kan ƙulli. Juma'ar gaba ma haka. Murna ta kama ta, ta daka gumba ta raba sadaka a ƙofar gida. Hasiya tana zaune tana kallon gumbar tana fita.

Rannan dai ta daure ta cije, ta ce, "Inna, na gefen hagu ya rage motsi."

Uwani ta ce, "Barci yake. Ke dai ki fita lafiya, shi ne nawa."

Naƙuda ta zo da hantsi, tun lokacinta bai yi ba. Hassana ta faɗo da kuka, ƙarama amma da ƙarfinta. Husaina ta biyo baya shiru. Fata ce kawai a kan ƙashi, tana numfashi kamar ɗan tsako, ko nono ba ta iya kamawa.

Uwani ta naɗe ta a zane, ta roƙi maƙwabci ya ɗaura wa sansa amalanke. Hanya rairayi ce, sa yana tafiya yana tsayawa. Ta yi addu'a, ta yi kuka, ta roƙi san kamar yana jin magana. Babu abin da ya sa ya ƙara sauri.

Da la'asar sakaliya suka isa Magarya. Madam Hawa ta buɗe zanen, ta duba, ta mayar ta rufe a hankali.

Uwani ta ce, "Da na kawo Hasiya awo, da jaririyar nan ta rayu?"

"Rai na Allah ne, Inna. Amma da mun gani tun da wuri."

Hasiya ta rayu, Hassana ma ta rayu. Uwani ta yanka akuyarta, ta cika wa mai jego akushi safe da yamma. Hasiya ba ta taɓa faɗa mata baƙar magana ba, ko sau ɗaya.

Sai dai kun san halin mutanenmu. Duk wanda ya ji an kira Hassana, sai ya yi murmushi ya ce, "Ina Husainar?" A bakin rijiya a tambaya, a gidan suna a tambaya. Har yarinyar ta fara magana, ta fara tambaya da bakinta.

"Kaka, ina Husainata?"

Uwani ta tsufa, ta rasu, ba ta taɓa samun abin da za ta ce mata ba.

Darasi: Ƙauna in ta haɗu da tsoro da taurin kai, tana iya cutar da wanda ake son karewa. Mai cikin tagwaye abinci take buƙata da zuwa awo a kai a kai, don a ga ko dukansu suna girma. Ke kuma mai ciki, kada kunya ta rufe miki baki. Ku tura wa iyayenmu mata da mazajen da ke nesa da gida wannan labari, wataƙila wata Husaina ta rayu ta dalilinku.